Kwana Bakwai Cikin Ruwa

Har yanzu akan sami masu zuwa garinmu da littafi da alƙalami suna tambayar sunayen itatuwan Kurmin Tanna. Da yake ni ce tsohuwar da ta rage mai sauran haƙora da sauran tunani, wurina ake turo su. Ba na yi musu rowa. Ina lissafa musu kirya, marke, aduwa, jiga, ɗanya, dashi, da tsamiya ukun nan na bakin tsohon kwari. Su rubuta, su yi godiya. Amma kafin su tashi sai na yi musu tambayata guda ɗaya: kwana nawa anza take yi cikin ruwa kafin ta ciwu? Yawancinsu dariya suke yi, sun ɗauka wasan tsofaffi ne. Ni kuwa ba wasa nake yi ba, kuma wanda bai san amsar ba, in ya dawo ba na shimfiɗa masa tabarma.

Sunana Zara'u, ɗiyar Ɗan Azumi mai ɗauri. Garinmu yana tsakanin Tasawa da Mayahi, inda rairayi ke riƙe ƙafar jaki. Wanda ya taɓa zuwa kudu ya ga kurmi na gaske, in ya ga namu sai ya riƙe baki don kada ya yi dariya, domin mai tafiya a ƙafa yana zagaye shi tsakanin hantsi da azahar. Mu dai shi muke da shi. Ya girmi rijiyar garin, ya girmi garin ma, kuma akwai kiryar da maza uku ba sa haɗa hannu a gindinta. A ƙarƙashin manyan itatuwan nan anza ta cika ko'ina.

Anza ba ta da kyan gani, ba ta wuce tsayin mutum, kuma fari ba ya kashe ta. In 'ya'yanta sun nuna, suna da ɗan ruwa mai zaƙi da ake tsotsa nan take. Amma abincin gaske yana cikin ƙwallon, shi kuwa ƙwallon ɗaci gare shi wanda zai kwantar da ƙato, ya kashe mai rauni. Sai an fasa, an tafasa da ruwan toka, an jiƙa a tukunya ana canza ruwa kowace safiya har kwana bakwai, sannan a dafa shi kamar wake. A shekarar ƙoshi ba mai waiwayar anza. A shekarar yunwa kuwa ko matar mai gari da ƙwaryarta take zuwa.

Aikin ubana shi ne ɗauri, kuma gado ya yi. Da zarar anza ta fara fure, sai ya ɗauki kaba ɗanya guda ɗaya, ya je babbar kiryar da ke bakin hanyar shiga, ya ƙulla ta a wani reshe, a yi fatiha. Shi ke nan, kurmi ya ɗauru. Ba mai shiga da gatari, ba mai tsinkar ko ganye, ba mai kora akuya ciki, daga mu Hausawa har Buzayen da ke zaune arewa da mu. In anza ta nuna, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya kwance, garuruwa huɗu su shiga tare. Ko a ranar akwai doka: ba a karya reshe, kuma kowane gindi ana bar masa cikin hannu guda saboda tsuntsu da ƙasa. Ba sanda ubana yake riƙewa ba, ba dogari gare shi ba. Kaba ce kawai, wadda ɗan yaye zai iya tsinkewa.

Gwamnati ma ta ce kurmin nata ne. Tun zamanin Nasara aka kafa turakun siminti kewaye da shi, sannan da sojoji suka karɓi mulki aka ƙara wani allon ƙarfe mai rubutun Faransanci, wanda muka ga ya yi daidai da ɗaure jaki. Ma'aikatan gandun daji masu koren kaki kan zo jefi-jefi, kuma tsoronsu ake yi ƙwarai. Ko gawon da ke tsakiyar gonarka ka sassabe wa reshe, sai ka kwana a hannunsu. Shi ya sa mazanmu suka koyi tumɓuke ɗan gawo tun yana ƙarami, kafin ya girma ya zama na gwamnati. Haka dokar kare itace ta yi ta cinye itacen gonakinmu, kurmi kuwa yana nan lafiya lau da kabarsa.

A shekara ta goma da mulkin soja, ruwa ya ɗauke gero bai kai gwiwa ba. Mijina Cha'ibu ya bi ta daji ya nufi kudu neman abin da za a ci, don an rufe iyaka, ya bar ni da ƙaramin ciki, na koma gidanmu. Kafin bazara ta yi tsakiya mun cinye iri, mun cinye dusa, mun koma tonon gidan tururuwa muna sheƙe 'yan tsabar da suka tara. Gari ya yi shiru, ko turmi ba ka ji.

Innata sunanta A'i. 'Yar ƙaramar mace ce, ba ta da yawan magana, amma a garuruwan nan huɗu ba wanda ya kai ta sanin anza. Mata kan ɗauko tukwanensu su kawo mata. Ta ɗauki ƙwallo guda ta ciza, ta bar shi kan harshe, ta tofar, ta ce saura kwana kaza. Ba a taɓa kama ta da kuskure ba. Ni ce 'yar farinta, saboda haka tunda aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke" ko "waccan". Amma a bazarar nan, duk abin da aka samu aka raba uku, sai ta turo mini rabin nata da bayan hannu ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Ba don ke ba, don na cikin." Zan faɗi gaskiya, na ci. Ko sau ɗaya ban mayar mata ba. Ƙafafunta suka fara kumbura, in ka danna da yatsa ramin ba ya cikowa.

Duk da haka ba mu fid da rai ba, saboda kurmi. A shekarar anza ta yi 'ya'ya kamar ta san halin da ake ciki. Kowace safiya ubana yana zagayawa ya dawo, Inna ta tambaye shi daga kwance, "Malam, ta kusa?" Wata Laraba ya dawo da fara'a ya ce jibi zai kwance. Inna ta sa na wanke manyan tukwane biyu, na tace toka.

Washegari Alhamis muka ji ƙarar babur. Wani ma'aikacin gandun daji ne mai muƙamin ajidan, sunansa Maman Sani, sabon zuwa yankinmu. Saurayi ne dogo, ɗan birni, da littafi a aljihun gaba. Ina bayan zana ina jin su. Abin da ya yi a ƙofar zaurenmu ba mai kaki da ya taɓa yin sa: ya cire takalmi, ya cire hula, ya durƙusa har ƙasa ya gaida ubana.

Ya ce, "Baba, na zagaya dajin ga duka. Daga Tasawa har nan ban ga kore ba sai shi. Na tambaya wa ka tsaro nai, anka ce mani ba kowa, kaba ce."

Ubana ya ce, "Ikon Allah ne, mu dai ƙullawa muka yi."

"To, Baba, alhwarma na zo nema. Akwai manyan baƙi da za su zo, da wani babban soja, da Nasaru masu ba da taimako. In sunka iske dajin ga yadda shike, za su buɗe aikin dashen itace nan garinku, a riƙa biyan mutane da hatsi. Kamyo-kamyo, manyan motoci cike da hatsi, Baba. Amma in sunka iske an tattake shi, ni da ku duka mun shiga uku. Allona ba mai jin maganatai. Taka aka ji. Ka bar ɗaurin ga kwana goma kawai."

Ubana mutumin kirki ne, Allah Ya jiƙansa, amma yana da lago guda, kuma yaron nan ya taka shi ba da saninsa ba. Shekara talatin masu kaki suna wuce shi kamar kututture, yau ga guda a durƙushe yana ce masa Baba. Ga kuma zancen hatsi, wanda ko ni da ke bayan zana sai da yawuna ya tsinke. Ya shafa gemu, ya ce a gaban liman da mai gari, "Na ba ka kwana goma. Ba ni kwancewa sai ka sake ni."

Da ya shigo gida na tare shi. Na ce, "Baba, goma da bakwai sha bakwai ke nan. Ka dubi ƙahwahun Inna."

Inna ce ta ɗago kai ta ce, "Ke, ba a tsaida uba a tsakar gida. Ya ba da baki, ya ba da baki." Ta juya ta fuskanci bango. Tukwanen da na wanke na kife su.

Kwana goma suka cika, ajidan ya dawo shi kaɗai. Baƙi sun ɗaga tafiya, a ƙara mako guda. Mako ya cika, ya sake dawowa, babban sojan yana rangadi a gabas, a ƙara haƙuri. Duk zuwan da zai yi sai ya durƙusa ya ce, "Baba, ina gida? Ina wahala?" Ubana kuma, da cikinsa manne da bayansa, ya ce, "Lahiya lau, da godiya, da sauƙi." Ina jin su ta bayan zana, ina cizon zanena don kada in yi ihu. Shi ma yaron ɗan Hausa ne, ya san abin da "da sauƙi" ke ɓoyewa, amma ya fi masa daɗi ya karɓe ta yadda aka miƙo masa. Ubana kuwa da ya buɗe baki ya gaya wa baƙo matarsa na mutuwa da yunwa, gara a yanka shi.

Cikin kwanakin nan an binne mutum shida a garinmu, huɗu yara ne. Mutane suka riƙa zuwa bakin kurmi suna zama a inuwar waje, suna kallon anza tana nuna tana zuba. Ba soja a wurin, ba mai gadi, ajidan kansa yana tafiyar yini daga nan. Ba wanda ya tsallaka.

Rana ta ashirin da huɗu, da safe na ɗaga Inna don in ba ta ruwan ganye, na ji ba ta fi damin kara nauyi ba. Na kwantar da ita, na yafa gyale, na fita da rana tsaka ban gaya wa kowa ba. Na yi niyyar in tsinke kabar nan da hannuna, duk abin da zai faru ya faru.

A gindin kiryar na iske Gazali, wani dattijon Buzu abokin ubana, da iyalinsa da awaki uku da suka rage masa cikin garke guda. Ya dubi fuskata ya gane abin da ya kawo ni. Ya gyara rawaninsa ya ce a hankali, "Ɗiyar Ɗan Azumi, in kin kwance, muna bayanki. Kuma ba mu ga kowa ba."

Na matsa. Kabar ta bushe ta yi fari, tana daidai goshina. Na ɗaga hannu har yatsana ya taɓa ta. Wallahi da yatsa biyu zan karya ta. Na tuna ƙafafun Inna, na tuna kwana bakwai, na ce wa kaina yanzu. Hannun ya ƙi. Tun ina goye ake nuna mini reshen nan ana cewa ba a taɓawa, sai ga shi abin ya shiga jikina fiye da yadda na sani. Na daɗe ina zagin ubana a zuci saboda kwana ashirin da huɗun nan, amma duk lokacin da na zo ƙarshen zagin sai in iske kaina tsaye a wurin nan da hannu a sama. Na zauna a ƙasa na fashe da kuka, kukan haushi.

Ina nan zaune sai ga ƙarar babur. Ajidan ne, ya ɗauko ubana a baya, wai su zo su duba ko ɗauri na nan. Daga yadda yake sunkuyar da kai na san wani ƙarin ya kawo. Ya fara cewa, "Bon, jama'a, ku ƙara haƙuri kaɗan, ranar da baƙi sunka tahi, a ranar kowa zai ci ya ƙoshi."

A ranar. Kalmar nan ce ta tashe ni tsaye. A zamanin nan mace ba ta yi wa mai kaki magana, balle mai ciki a gaban ubanta, amma ni na riga na wuce wurin. Na ce, "Ajidan, kwana nawa anza ka yi cikin ruwa?"

Ubana ya ce, "Ke, Zara'u."

Ajidan ya dube ni, ya dubi mutane. Ya ce, "Cikin ruwa? Ba ɗiba aka a ci ba, kamar magarya?"

Ba wanda ya yi dariya. Gazali ya sunkuyar da kai. Yaron nan ya san sunan anza da bakin Nasara, wani dogon suna mai gaɓa bakwai, ya san irin ƙasar da take so, ya zana ganyenta a littafinsa. Bai taɓa cin ta ba, uwarsa ba ta taɓa jiƙa ta ba. Na gaya masa. Na gaya masa fashin, da tokar, da canjin ruwan, da abin da ke samun wanda ya ci a kwana na uku. Na gaya masa ruwan zaƙin da za a iya ba marasa ƙarfi tun ranar farko ya bushe tun mako biyu da suka wuce. Na gaya masa sunayen mutum shidan, sannan na gaya masa yadda ƙafafun uwata suke.

Na ga fuskarsa ta canza. Ya ƙirga da yatsu, ya sake ƙirgawa. Ya juya wurin ubana ya ce, "Baba, don girman Allah, don mi ba ka hwaɗa mani ba? Da na sani tun ran hwarko, wallahi da ban roƙe ka ko kwana guda ba."

Ubana ya ce, "Na ɗauka ka sani. Kai da ka yi lakwal, ka yi karatun itace."

"Na tambaye ka gida, ka ce lahiya."

"To mi za ni ce maka?"

Suka tsaya suna kallon juna, mutum biyu masu ladabi. Na yarda da yaron nan da ya ce da ya sani da bai roƙa ba, kuma yardar ce ta fi ci mini rai. Magana guda ce, wadda kowace yarinya mai tallan ganye ta sani, ta kwana ashirin da huɗu tsakanin bakin wannan da kunnen wancan ba ta ƙetare ba.

Ajidan ya ce, "Na sake ka, Baba. Kwance yanzu. Abin da manyana za su yi mani, su yi."

Ranar ba Juma'a ba ce, kuma tunda aka fara ɗauri ba a taɓa kwancewa a wata rana ba. Ubana bai jira ba. Ya kai hannu zai warware ƙullin yadda aka saba, kabar ta karye a hannunsa ta zube gutsi-gutsi. Ya tsaya yana dubanta a tafinsa, mutane suka wuce shi ta dama da hagu.

Kafin la'asar garuruwa huɗu sun cika kurmi. Yawancin 'ya'yan sun zube sun bushe, sai tsinta muke a ƙasa, amma ƙwallon lafiya lau yake. Abin da na gani ranar har gobe ban san ko alfahari zan yi da shi ko haushi ba. Mutane suna tangaɗi don yunwa, wasu da rarrafe, amma ban ji ƙarar karyewar reshe ko ɗaya ba, kuma kowane gindi an bar masa cikin hannunsa.

Muka fasa, muka tafasa da toka, muka jiƙa. Tukwane biyu cike fal a tsakar gida, abincin wata guda, Inna tana kwance a rumfa tana ganin su. Na dafa mata ganyen jiga da na tsinko, cikinta ya ƙi riƙewa, abin da ya shiga sai ya fita. Rijiyarmu gaba talatin ce, ruwan ya ja baya, sai mace ta yi rabin yini kafin ta cika tulu. Na riƙa jan guga da cikina har tafin hannuna ya tsage, ina canza ruwa safe da yamma ko zan rage kwanakin.

A rana ta uku na kai mata ƙwallo guda. Ta ciza, ta bar shi kan harshe, ta tofar. Ta ce, "Saura huɗu."

Na ce, "Inna, sau biyu nika canza ruwa. In dahwa maki kaɗan, cikin ludayi guda?"

Ta ce, "Anza ba ta san sauri ba. Ki ba ni ki kashe ni da hannunki? Kuma na san ki, in kin dahwa sai kin ɗanɗana. Ki taɓa ta kahin ta yi, ban yahe maki ba." Ta dubi cikina lokacin da take faɗin haka.

Rana ta huɗu ta ce saura uku. Ubana ya daina fita zaure. Yana zaune a bakin rumfa da tasbaha, ba ya ja, yana riƙe da ita kawai. Sau ɗaya na ji ya ce mata, "A'i, ki yahe mani." Ta ce, "Malam, kai ma ka hwara surutun yara."

Rana ta biyar da hantsi haƙoranta suka kasa cizon ƙwallon. Na fasa mata da nawa, na ɗora mata ɓarin a kan harshe. Ta daɗe da shi a baki, idonta rufe, har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Sannan ta turo shi da harshe, na share mata leɓe. Ta buɗe ido ta dube ni sosai, irin duban da ba ta taɓa yi mini a gaban mutane ba, ta ce, "Saura kwana biyu, Zara'u."

Shekarata ashirin da biyu ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Da na ji shi, na san ba za ta kai ba. Ta cika bayan la'asar, aka kai ta kafin rana ta faɗi. Masu ɗaukar makara sai da suka kauce wa tukwanen a tsakar gida.

Washegari muna zaman makoki sai ga ajidan a kan amalanken jakin wani mutumin garin Maijirgi, don babur ɗinsa ba esansi, wato ba mai. Ya kawo rabin buhun jar dawa, nasa rabon na wata. Ya shigo da murna a fuska, ya ga tabarmi, ya tsaya. Ya durƙusa gaban ubana zai yi gaisuwa, maganar ta ƙi fita. Ubana ne ya riƙa ba shi haƙuri. Dawar kuwa ya ce a raba wa gidajen da ke da marasa lafiya, ko tsaba ba ta kwana a gidanmu ba. Ni ban fito na gaishe shi ba. Shekara arba'in ke nan ina ƙoƙarin in tsani yaron nan yadda ya kamata, abin ya ƙi yiwuwa.

Baƙin ba su taɓa zuwa ba. Mun ji an ce sun iso inda kwalta ta ƙare, suka ga rairayi, suka juya. Ajidan an ɗauke shi daga yankinmu kafin kaka, ban sake jin labarinsa ba. Da anza ta sake fure, ubana ya yanki kaba ɗanya ya nufi kiryar, ya daɗe, ya dawo da ita a hannu ya soke ta a zana. Ya ce ɗaurin da aka ba da aronsa ya tashi daga ɗauri. Ba wanda ya ƙulla tun daga ranar. Gatari ya fara daga gefe, yau abin da ya rage bai kai rabi ba, an kewaye shi da waya, ana kuma yanke wayar. Ɗiyar da na haifa a daminar nan sunan Inna ta ci, muna ce mata Uwani, ita ma yanzu da jikokinta.

Amma ba wannan nake gani ba in na rufe ido. Tukwanen nake gani. Ranar da ajidan ya zo, bayan mutane sun watse, na canza ruwa kamar kullum, don ba a barin anza ta lalace saboda an yi mutuwa. Na ɗauki ƙwallo guda na ciza. Ban san abin da nake nema ba, wataƙila so nake in kama Inna da kuskure ko sau ɗaya, in sami abin da zan yi mata faɗa a kai. Da sauran ɗaci, kaɗan, can ƙarshen harshe. Na tofar.

Rana ta bakwai na sake cizawa. Babu ɗaci ko kaɗan.

Na dafa da ɗan gishiri, ba mai, ba yaji. Na zuba a akushi na kai wa ubana bakin rumfa, inda yake zaune tun ranar. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya ɗauki ƙwallo guda ya sa a baki. Ya daɗe yana taunawa, yana kallon tabarmar da aka naɗe aka jingine a bango.

Ya ce, "Ta hwaɗi daidai."

Ya turo mini akushin da bayan hannu, bai dube ni ba. Na zauna a ƙasa kusa da shi na ci, ina ci hawaye na zuba ciki, na ci nasa, na ci nawa, na ci wanda da ita za a zuba wa. Ranar ce na fara ƙoshi cikin wata biyar.